Dokin da ba ya ɗaga kai

Yayana dillalin dawaki ne. A bayan gidanmu na Gyadi-Gyadi yake da turaku huɗu, ni kuwa ina koyarwa a makarantar firamare, abin da ke haɗa ni da sana'ar tasa bai wuce warin dusa da ke bin rigata har cikin aji ba.

Ana saura 'yan watanni soja su miƙa mulki, wani tsohon likitan dabbobi mutumin Filato, da ke zaune a Tarauni, ya kawo wa Yaya wani doki kili ya sayar masa. Gwiwa ta fara damun dattijon, matarsa kuma ta hana shi hawa. Shi ya hore dokin da kansa, irin horon da ya gani a ƙasar waje lokacin karatunsa: tafiya sannu-sannu, linzami sake, kai a ƙasa kamar mai neman allura. Ko jariri aka ɗora masa ba zai faɗo ba.

A Kano kuwa wa zai sayi dokin da ba ya rawa? Samarin da ke zuwa neman dokin kilisa sukan zagaya shi, su tambayi Yaya ko ciwon ciki yake yi. Wani ma cewa ya yi a yi masa gaisuwa, da alama an yi masa rasuwa. Kili ya yi ta cin harawa, Yaya yana ta cin rai.

Sai aka yi zaɓe. Wani ɗan kwangila na unguwarmu, wanda tunda aka haife shi bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba, ya zama ɗan majalisa, aka kuma shaida masa cewa mutum mai irin matsayinsa ba ya rasa doki. Ya zo da rakiyar mutane, ya ja Yaya gefe, ya ce da shi a hankali, "Malam, wanda ba zai kunyata ni a gaban jama'a ba nake so."

"Ranka ya daɗe, ai kai wannan yake jira," in ji Yaya.

Ranar Asabar da yamma Honarabul ya fita kilisa ta wajen Ƙauyen Alu, ya riƙe sirdi da hannu biyu, kili yana tafe kai a sunkuye. Kafin sati ya zagayo magana ta bazu cewa an sami wakili mai tawali'u, wanda har dokinsa kunyar talakawa yake ji. Kansiloli da masu neman kujera suka yi ta sallama a gidanmu, kowa doki mai kunya yake so.

Na raka Yaya wurin likitan don ya koya masa sirrin. Dattijon ya ba mu shayi, ya ce babu wani sirri, sai haƙuri na shekaru da hannu mai taushi. Yaya ya yi godiya, muka fito. Washegari ya shiga ƙauyuka yana sayo tsofaffin dawakin da gajiya ta riga ta sauke musu kai, kuma ban ji wanda ya dawo da ƙorafi ba.

Shekara ba ta cika ba Honarabul ya aiko a zo a ɗauki kili. Ya sami shugabancin wani kwamiti, abokansa kuma sun fara yi masa dariya. An sa wa dokin linzami mai kaifi don ya ɗaga kai, ya ƙi, sai baki da ya yi rauni. Yaya ya musanya masa da wani baƙin doki akawal mai zafi, wanda Honarabul bai taɓa hawa ba; mai kula da barga ke hawansa, shi kuma yana biye a jif yana ɗaga wa mutane hannu.

Da likitan ya ji labari, ya zo da kansa yana dogara sanda. Ya buɗe bakin kili ya daɗe yana dubawa. Ya saye shi, ya ja shi a ƙasa har Tarauni. Matarsa ta amince dokin ya zauna, da sharaɗin jikokinsu ne kawai za su hau.