Alƙalin Fim na Unguwar Makama

Bari in rage wa mai karatu wahala tun daga nan: in yana neman wawan wannan labari, ni ne. Gara in faɗa da bakina, don in na bari maiɗakina ta faɗa sai ta ƙara da abubuwan da ba a tambaye ta ba.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina masinja a sakatariya a Jimeta, kullum daga unguwarmu ta Makama, da fari a kan keke, daga baya a kan babur. Karatuna aji huɗu ne na firamare, amma aji huɗun da, ba irin na yanzu ba. Sai dai ba a ɗaukar fayil na yi suna ba. A fim na yi suna. Tun zamanin da ake zama a kan benci a gidan silima marar rufi nake yanke wa fim hukunci. In na ce bakwai cikin goma, to bakwai ne, ko wanda ya shirya fim ɗin ya zo da ƙafarsa ba zan ƙara masa rabin maki ba.

Da na yi ritaya sai na mayar da zaman shari'ata gindin wata darbejiya kusa da kasuwar Jimeta, gefen shagon wani mai sayar da faya-fayai. Duk wanda ya zo saye sai ya waiwayo ya ce, "Bappa, wannan fa?" Ni kuma in karɓi kwalin, in juya shi, in yi tsaki ko in gyaɗa kai.

Kuma ba da ka nake ba da maki ba, ina da dalilai. Fim ɗin Indiya takwas nake ba shi, saboda jaruminsu komai ƙarfinsa yana durƙusa wa uwarsa. Biyun da na cire na rawa ne. Mutum da mace su yi ta tsalle cikin ruwan sama har waƙa ta ƙare, washegari babu mai ko tari, alhali ni yayyafi ya taɓa ni a hanyar Adarawo na yi kwana huɗu a kwance. Na ’yan Chana tara, don ba sai an ji yare ba: an kashe malaminsa, ya hau dutse, ya ɗebi ruwa, ya dawo ya rama, shi ke nan. Abin da ke ba ni haushi da su ɗaya ne, ƙarti goma su kewaye mutum ɗaya amma su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin awo a asibiti. Namu na Hausa biyar. Daga falo zuwa falo, sai a yi rabin awa ana gaisuwa kafin a faɗi abin da ya kawo mutum, kuma wannan ina samunsa kyauta a gidana. Na ’yan kudu kuwa, da an fara jin daɗi sai a ce a nemi kashi na biyu, saboda haka ni ma rabin maki nake ba su, su nemi sauran a gaba. Fim ɗin ban tsoro sifiri. Bature ya ji motsi a ɗakin ƙasa, ba addu'a, ba kiran maƙwabci, sai ya ɗauki tocila ya tafi dubawa shi kaɗai. Wanda ya yi haka me ya sa zan tausaya masa?

Saura na Amurka. A nan ne matsalata take, kuma yau zan faɗe ta. Na kaboyi da na yaƙi ba su da wuya, bindiga ba ta bukatar tafinta. Amma akwai waɗanda za a sa kwat a yi ta magana tun daga farko har ƙarshe, kuma ta hanci suke yin ta. Turancina na ofis ne: kawo fayil, kai fayil, oga ya fita, dawo gobe. A cikin maganar Ba'amurke ta minti goma, in na yi sa'a in tsinci kalma uku. To amma wa zai ji wannan daga bakina? Alƙali guda? Sai na riƙa ba irin waɗannan uku cikin goma, in ce surutu ya yi yawa. Shekaru ina haka babu wanda ya kama ni.

Sai rikici ya zo. Mutane suka kwararo daga arewacin jiha, wasu a mota, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu. Bayan an ji tashin bam a Jimeta, duk inda mutum biyar suka taru sai kowa ya riƙa kallon rigar ɗan'uwansa. Mai faya-fayai ya daina kunna talabijin a ƙofar shago, majalisarmu ta watse, maiɗakina kuma ta ɓoye makullin babur. Na dawo gida na zauna, alƙali ba kotu.

Gidan kuwa ya cika. Dangin maiɗakina ta wajen uwa mutanen can ne, saboda haka muka wayi gari ko tsakar gida sai an tsallake ƙafafu. A hankali suka ragu, wasu suka tafi wajen ’yan'uwa, wasu sansanin ’yan gudun hijira na Malkohi, har ya rage tsohuwa ɗaya. Zumuncinta da maiɗakina sai an zauna an warware, don haka kowa ya huta ya kira ta Goggo. ’Yar siririya ce, ta zo da zane biyu da leda ɗaya, ƙafafunta a kumbure. Ɗanta ɗaya ne ya rage mata, kuma a lokacin ba a san inda gudu ya kai shi ba. Hausarta kaɗan ce, mace ma sai ta ce "shi". Da maiɗakina Fulatanci suke yi, ni kuma ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Ban taɓa tambayar me take yi a garinsu ba. Na dube ta sau ɗaya na yanke hukunci, kamar yadda nake wa kwalin faifai: tsohuwar ƙauye, noman gyaɗa da kiwon akuya.

Da zaman gida ya ishe ni sai na buɗe sabuwar kotu a falo. Duk ranar da aka kawo wuta bayan azahar, in kunna fanka, in sa faifai, in kira mata biyun nan. Na yaƙi na ajiye su a ƙarƙashin gado, wannan kam ko ni ina da wannan hankalin. Na Indiya da na Chana muka kalla har suka fara tsayawa suna ƙugi. Dole aka zo kan masu kwat, dole kuma na zama tafinta, tunda ni ne ɗan bokon gidan.

Yadda nake yi ba wuya. In na ga mutum ya ɗaure fuska, in ce bashi yake bi. In mace ta yi kuka, in ce mijinta zai yi tafiya. Sauran kuma in cike da abin da Allah ya kawo bakina. Maiɗakina ba ta taɓa yarda da ni ɗari bisa ɗari ba.

"Malam, duk wannan doguwar maganar da ya yi, 'ina kwana' kawai ya ce?"

"Haka Turanci yake, Hajiya. Yana da tsawo."

"To ita me ya sa ta mare shi?"

"Bai gaishe ta da kyau ba."

Goggo kuwa ba ta taɓa musu ba, shi ya sa na ɗauke ta babbar almajirata. Tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, tana ɓare gyaɗa ko tsinke zogale. In na ce uku cikin goma sai ta ce, "To, Malam." Abu ɗaya ne ke ba ni haushi da ita: dariya a inda ba wurin dariya ba. Mutum na tsaye yana magana, ni ban ma fara fassara ba, sai in ji ta yi ’yar dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Na ce a raina, Allah sarki, hular mutumin ce ke ba ta dariya. Har na taɓa tsayar da faifai na yi mata bayani cewa a ƙasar Turawa sanyi ke sa su irin wannan shiga. Ta ce, "To, Malam."

Kada a raina wannan "To, Malam". A lokacin ita kaɗai ta rage mini. Majalisa babu, babur babu, ’ya'yana in sun bugo waya lafiyar uwarsu suke tambaya, maiɗakina kuma kullum neman inda zan yi tuntuɓe take. In Goggo ta daina gyaɗa kai, to ni ba kowa ba ne illa tsoho mai riƙe da rimot. Saboda haka na riƙa lallaɓa ta. In an kawo kosai in tura mata babba.

Muna haka wajen wata takwas sai labari ya zo an ga ɗanta. Ashe Kamaru ya faɗa, ya dawo, har ya samu aikin gadi da ɗaki guda a Jimeta. Aka sa ranar Lahadi zai zo ya ɗauke ta. Ranar Asabar wuta ta zo da wuri, na ce to bari a yi kallon sallama. Faifai ɗaya ne ya rage da ba mu gani ba, na kotu ne, kwat tun daga alƙali har mai shara.

Na duba na ga mutum biyu suna jayayya a gaban alƙali, na ce gado ne. Wa da ƙane ne, ubansu ya mutu ya bar gida, wan yana so ya cinye. Labari ya tafi daidai har aka fara nuna hoton asibiti.

"Malam, asibitin fa?" in ji maiɗakina.

"Yana cikin gadon."

"Asibitin gaba ɗaya?"

"Uban mai kuɗi ne."

Can aka kawo wata mai farin kaya ta zauna a akwatin shaida tana share hawaye. Na ce ƙanwarsu ce, an hana ta kasonta. Aka nuna jariri, na ce shi ma magaji ne. Aka nuna wani mutum a zaune a baya yana kuka kamar ransa zai fita, na rasa inda zan sa shi, na ce ɗan haya ne, yana tsoron a tashe shi. Goggo ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya a wannan ranar. Ta ajiye tiren zogale, ta matso kusa da talabijin, har na ce mata ta ja baya kada hasken ya ɓata mata ido.

Da aka gama na gyara zama na ce, "Biyu cikin goma. Rigimar gado ce kawai, an ja ta kamar igiyar guga. Ko naushi ɗaya babu."

"Ni takwas na ba shi," in ji maiɗakina.

"Ke? Da wane Turancin?"

"Da ido. Mutumin nan na baya ba ɗan haya ba ne, Malam. Ɗan haya ba ya irin wannan kukan. Na rantse ƙirƙira kake yi."

Ni da na yi shekara talatin a sakatariya! Na tuna mata manyan sakatarori nawa na yi aiki da su, har da wanda ya yi karatu a Ingila, kuma bai taɓa maimaita mini magana sau biyu ba. Ta ce ai "kawo shayi" ba ta bukatar maimaici. Na ce mace da ko allon makarantar boko ba ta taɓa gani ba ita ce za ta gyara mini fassara? Ta ce ba ta gyara ba, ta dai ƙi saye ne. Har yau, da jikoki ke cika mana gida da fina-finan Koriya a waya, masu kashi ɗari da samari marasa gemu, in na ce uku sai ta ce tara tun kafin ta kalla, kuma daga wannan Asabar ɗin abin ya samo asali.

Da na ga za ta kayar da ni a gaban baƙuwa, sai na yi abin da kowane alƙali mai hankali zai guje wa: na kira shaida ban san me za ta faɗa ba.

"Goggo, ke ce babba. Wata takwas kina kallo da ni. Ke da ba ruwanki da boko, zuciyarki fes, faɗa mata gaskiya. Na taɓa karkatar muku da labari? Wannan fim ya wuce biyu?"

Goggo ta dubi maiɗakina, maiɗakina ta dubi silin. Sannan tsohuwar nan ta kakkaɓe zaninta, ta faɗi wata doguwar magana da Turanci, tiryan-tiryan, irin na cikin talabijin ɗin. Kalma biyu na tsinta. Da ta ga bakina a buɗe sai ta dawo Hausa.

"Ba gado ba ne, Malam. Matan wancan mutum ya mutu wajen haihuwa, likita ya yi sakaci, shi ne ake shari'a. Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa a asibitin mishan, da Turawa na koyi aiki."

Na ce, da ɗan sauran ƙarfin da ya rage mini, "To don Allah me ya hana ki magana tuntuni?"

"Tuwon gidanka nake ci, Malam, ba ni da wurin zuwa. Gobe kuwa ɗana zai zo."