Ɓargon Bara'atu

Wata rana wani mai sayar da yadi, Malam Tasi'u, ya zauna gaban likita zuciyarsa a rabe biyu.

Ƙaramar 'yarsa Sa'adiyya da ciwon sikila ta taso. Shekara goma sha huɗu a duniya, amma ta fi sanin gadon asibiti a kan bencin makaranta.

Likitar ta ce akwai hanya: dashen ɓargo. Ba ta ɓoye masa cewa aikin na da haɗari ba.

An gwada 'yan gida kaf. Na mutum ɗaya ne ya dace, na yayarta Bara'atu, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a.

Bara'atu ta amince tun kafin a rufe baki.

Uban ne ya ƙi.

A ganinsa ɓargo shi ne ƙarfin mutum. Yana da 'ya ɗaya a kwance, ba zai kwantar da ta biyu da hannunsa ba.

Ya dubi likitar ya ce, "Idan kun ɗebi na wannan kun ba wa waccan, ita me zai rage mata?"

Ta ce, "Malam, daga rijiya za mu ɗiba, ba daga randa ba."

Sannan ta yi masa bayani a hankali. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali, iyayen jini. Su ba sa gaggawa. 'Ya'yan da suke haifa ne ke rabuwa da sauri, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su zama jini. Cikin 'yan makonni, in Allah ya yarda, jikin Bara'atu zai mayar da abin da aka ɗiba.

Ya koma gida, ya yi istihara, ya yi shawara da uwar yaran.

Ya amince.

Aka yi aikin. Bara'atu ta ɗan sha ciwon ƙugu, ta warke, ta koma karatu.

Jinyar Sa'adiyya ce ta ɗauki lokaci. Gashinta ya zube. Ta tagar gilashi kawai uban yake ganinta. Har ranar da likitar ta fito da murmushi ta ce sabon ɓargon ya kama.

Bayan shekara, ruwan sama ya doki Sa'adiyya a hanyar makaranta. A da, sanyi irin wannan shi ke tayar mata da ciwo.

Malam Tasi'u yana ganinta a jiƙe ya zabura ya ɗauki makullin babur, zai kai ta asibiti.

Ita kuwa ta wuce shi, ta buɗe tukunya, tana tambayar ko an rage mata ɗanwake.

Ya ajiye makullin. Ya yi hamdala, yana dariya shi kaɗai.

Darasi: Wani tsoron ƙauna ce ke kawo shi, amma rashin sani ke raya shi. Kafin ka ce a'a, tambayi masu ilmin abin.

Tura wa wanda ke jinyar mai sikila, ko ya samu ƙwarin gwiwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.