Miyar Kukar Hajiya Yalwa

Hajiya Yalwa ta zo Makka aikin Hajji daga Gezawa tana da goyo, ita da mijinta Mailafiya. Alhazai suka koma gida, su suka zauna. Ta yi wankau, ta sayar da abinci a Arfa lokacin Hajji, har mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da jikoki a gidan haya a unguwar Kudai.

Abin tinƙahonta ɗaya ne, miyar kukar da take yi duk Juma'a. Tana kaɗawa tana ba jikoki labari: "Haka Innata take yin ta, ban rage ba, ban ƙara ba." Sai dai farkon zuwanta ba ta samu daddawa ba, ta jefa lumi, busasshen lemun tsamin nan baƙi na Larabawa. Daga baya daddawa ta samu a unguwa, amma hannu ya riga ya saba. In jikoki suka ci miyar maƙwabta suka ji bambanci, sai ta taɓe baki ta ce, "Ba su iya ba ne."

Ana nan sai Saudat, 'yar ƙaninta, ta zo Umara daga Gezawa. Ranar Juma'a aka zuba mata miyar, loma ɗaya ta yi ta tsaya.

"Gwaggo, wannan miyar me ce ce?"

"Kuka mana. Irin ta Inna."

"Kai Gwaggo! Kuka da tsami?"

Jikoki suka zuba wa Hajiya ido. Duk abin da yaran nan suka sani na Gezawa a bakinta suka ji shi. In miyar ta tashi ƙarya, sauran labaran fa?

Washegari Saudat ta kwance ƙullin daddawa ta ɗora tukunya. Talal, babban jikan Hajiya mai tuƙa motar alhazai, ya shigo yana toshe hanci, yana tambayar kakarsa da Larabci ko mene ne wannan.

"Esh hada? Jadda, wani abu ya mutu a gidan nan?"

Hajiya ta ce, "Rufe mana baki, mijin banza, ko cefane ba ka yi!"

Aka zuba. Hajiya ta kai loma da niyyar kushewa, sai ɗanɗanon ya mayar da ita Gezawa. Ga Innarta nan a bakin murhu, zani a ƙirji, tana korar kaji da ludayi. Ta share ido ta ce yaji ne.

Khalida, ƙanwar Talal, ta matso. "Jadda, to wacce ce ta gaskiya?"

Hajiya ta suɗe yatsa.

"Wannan ta uwata ce. Waccan ta kakarku ce. Ku kun san wata kaka bayan ni?"

Suka ce a'a.

"To ku jira Juma'a."

Ta rungumi tukunyar Saudat ta yi ɗaki da ita, ta turo ƙofa da ƙafa.