Famfon da Ke Zuba Ranar Baƙi

Har yau in na shaƙi warin sabon fenti sai in ji ƙishirwa. Jiya maƙwabcina ya shafa wa ƙofarsa shuɗin fenti, ina giftawa sai ga ni na koma ƙauyenmu na kusa da Kalgo, ina 'yar shekara goma da gammo a kai. Bari ka ji dalili.

Rijiya ɗaya muke sha a unguwarmu, kuma kakana ne ya haƙa ta tun yana saurayi. Sana'arsa ke nan, har daga Gwandu da Malisa ake zuwa ɗaukarsa. Ruwanta na da garɗi da sanyi ko a tsakiyar bazara, kuma itacen da aka gitta a bakinta igiyar guga ta ci shi har ya yi santsi.

Wata shekara, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, sai ga motoci sun shigo da ma'aikatan ruwa da Turawa biyu. Wai wata ƙungiya ce daga ƙasar waje ta ba da tallafi: burtsatse da inji, tanki a sama, famfo a jere. Sharaɗinsu ɗaya, a rufe tsohuwar rijiya. Shugaban ma'aikatan, wani mai tumbi da baƙin tabarau wanda na tabbata bai taɓa jan guga ba, ya kira ruwanta ruwan jahilai a gaban wanda ya haƙa ta.

"Ranka shi daɗe, ku bar ta nan," in ji kakana. "In naku ya tsaya, mi za mu sha?"

"Baba, wanga inji daga Turai yaf fito. Bai tsayawa."

Aka kwaɓa siminti aka toshe bakinta. Kakana bai fito kallo ba.

Injin da ba ya tsayawa ya yi damina ɗaya da rabin rani, sannan ya yi tari ya mutu. Ƙarfen da ya lalace babu irinsa a Birnin Kebbi, babu a Sakkwato. Mai gari ya yi ta sintiri ofishinsu har takalminsa ya tsinke, amsar dai ɗaya ce: masu tallafi sabon aiki suke biya, gyara ba ya cikin takarda. Amma sabuwar mota tana cikin takarda, don mun ga mai tumbi a cikinta. Wasu kan ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Ni dai ban wanke kowa ba. Wanda ya ba ka doki ya hana ka ciyawa, hoton kansa riƙe da linzami yake so.

Muka koma tafkin bayan fadama, inda shanu ke sha. Mu tace da gefen zane, mu ɗauko a tulu, rana na dukan ƙeya. Shekara na zagayowa kurkunu ya shigo gari, wannan tsutsar da ke fasa ƙafa ta fito kamar zare. Innata ta kamu a ƙafar hagu ana tsakiyar noma. Ina zaune ina kallon ana naɗe tsutsar a jikin tsinke, kaɗan-kaɗan kullum, tana cije leɓe don kada mu ji kukanta.

To ga inda fenti ya shigo. Duk lokacin da masu tallafi za su zo duba aikinsu, kwana biyu kafin nan sai ka ga masu fenti sun hau tanki suna shafa masa shuɗi. Ana gobe tankar ruwa ta zo daga birni ta cika shi. Da safe a jera mu da wankakkun kaya a ce mu yi dariya. A murɗa famfo, ruwa ya zubo, a tafa, a ɗauki hoto, Turawa su rubuta a littafi. Ba wanda ya taɓa cewa a kunna injin ya ji ƙararsa. Kafin azahar tanki ya ƙafe.

Zuwansu na uku, Inna na kwance, kurkunu ya kama ta a ƙafa biyu. Mai tumbi ya miƙe yana jawabi da Turanci, sai muka ji ƙwam, ƙwam, daga bayan masallaci. Kakana ne da gudumarsa a kan simintin bakin rijiya. Tsoho mai rawar hannu, amma ranar ko hutawa bai yi. Mai tumbi ya katse jawabi ya rugo, gumi na bin tabaransa.

"Haba Baba! Kunyata mu za ka yi gaban baƙi?"

Kakana ya nuna ni da haɓa. "Uwar yarinyag ga na kwance. Kunyakka ta hi ƙahwatta ciwo?"

Ɗaya Baturen ya biyo baya, ya yi murmushi ya ɗauki hoton kakana. Ina jin ya ɗauka wata al'ada ce tamu. Baƙin suka shiga mota suka tafi, matasan gari kuwa suka karɓi guduma. Siminti ya tsage, aka yi ta jan ruwan da ya daɗe a rufe ana zubarwa har ya washe.

Mai tumbi bai bi baƙi ba, ya tsaya cin ragon da mai gari ya yanka. La'asar ta yi, ya murɗa famfonsa, ko ɗigo. Sai ga shi a bakin rijiya da buta, yana kallon ƙasa. Kakana, wanda bai taɓa kirana da komai ba sai amarya, ya miƙo mini guga.

"Amarya, zuba mai. Ruwan jahilai na, amma shina alwala."

Inna ta tashi daga baya, sai dai ƙafar hagu ba ta sake miƙewa ba. Haka ta yi ta ɗingishi har ta koma ga Allah, kuma wannan ban yafe ba.

Tankin na nan ya yi tsatsa, da alluna uku a gindinsa na ƙungiyoyi uku, kowace da injinta da ya mutu. Kakana ya daɗe a ƙasa, rijiyarsa kuwa har yau ita ake sha. Kwanan baya ƙanena ya bugo mini waya yana murna, wai wasu sababbin masu tallafi za su zo, har an ga masu fenti. Na ce masa ya shiga ɗakin tsoho ya nemo gudumar nan, ya ajiye ta kusa da ƙofa.