Rubutun Malam Bukar

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na ɗaga wa dattijo murya a cikin gidansu ba. Lokacin ina babbar nas a sashen masu ciwon jijiya, kuma duk Laraba nakan bi waɗanda aka sallama in duba su a gida.

Malam Bukar na unguwar Sheshe mai rubuta Alƙur'ani da ka ne. Cutarsa ita ce wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Wasu ta hannu ko ƙafa take fara musu. Shi ta harshe da maƙogwaro ta shigo, daga baya ta cinye hannuwan. Magana ta tafi, haɗiya ta yi wuya, amma ji da hankali suna nan garau. Mai irin wannan, ruwa tsararo ya fi tuwo haɗari gare shi, don huhu yake zarcewa. Sau uku ina yi wa ƙanensa, Alhaji Kyari, wannan bayani.

Ran nan ina shiga na tarar da Malam kwance rigingine, Alhaji na ɗura masa rubutu da ludayi. Malam ya ƙware, idanu sun firfito, ko tarin kirki ya kasa. Na fizge ludayin, na tayar da shi zaune.

"Alhaji, kashe shi za ka yi?"

"Haba Sista, ayar Allah ce fa! Shi ai bai ma san inda yake ba."

Raina ya yi mugun ɓaci. Muka dinga cacar baki a kansa, sai na ga hawaye na bin gemun Malam. Na durƙusa.

"Malam, in kana jina, ƙifta ido sau ɗaya." Ya ƙifta.

"Kana son rubutun?" Ya ƙifta.

"A dama maka shi cikin kunu mai kauri, ka sha a zaune?" Ya sake ƙiftawa.

Alhaji ya sulale kan tabarma yana salati. Ya ce wata huɗu ke nan suna shawarar inda za a binne Malam, a gabansa.

Ku masu tasowa a aikin jinya, mara lafiya za ku fara gaisarwa, shi za ku fara tambaya. Na yi fushi da Alhaji, amma fushin da bai sake ni ba har yau na kaina ne. Duk bayanin nan da na yi sau uku, a bakin gadon Malam na tsaya na yi shi, ban taɓa kallon fuskarsa ba.