Babur ɗin Arzika Marar Salansa

Ƙanena Arzika bai taɓa wuce bola bai sunkuya ba. Tun muna yara a 'Yandoto, in an aike shi sayen gishiri, sai ya dawo da murfin kwalba cike da aljihu, gishirin kuwa ya manta. Ya girma, ya yi gona, ya yi aure, halin bai sake shi ba. Da kara da gwangwanin madara yake ƙera motoci, tsohon silifa ya yanka shi taya, wayar keke ta zama sitiyari. Na sha ce masa ya ji kunyar gemunsa, sai ya yi dariya ya ci gaba da fiƙe kara.

Duk wannan wahala don 'yarsa Nana Aisha yake yi. Tun ranar da 'yan bindiga suka biyo ta gonarsu a kan babura, yarinyar ba ta ƙara jin ƙarar babur ba ta ruga bayan randa ba. Dole aka kai ta wurin kakarta a Bungudu. Duk sanda zai je ganinta, sai ya tafi da sabon abin wasa.

Bana ya samo abin da ya ce ya fi komai kyau. Yana huɗa, garma ta tono masa kwanson harsasai. Ya goge su da toka har suka yi ƙyalli, ya ce Allah ya ba shi salansar babur. Dabararsa ita ce ya ƙera wa Nana ƙaramin babur, ta riƙa ja da zare har tsoron ya fita daga ranta. Ban san ya zuba sauran kwanson a buhunsa ba, da na watsa su a masai.

Ranar da zai kai mata na raka shi, muka shiga mota a Tsafe. Kafin mu kai Gusau aka tsayar da mu a shingen bincike, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i mai jajayen idanu ya zazzage buhun Arzika a kan kwalta. Silifa da gwangwani suka watse, sannan kwanson suka zubo suna ƙara kamar tsaba. Mutanen da muka zauna da su muna hira suka ja da baya, har direba ya kau da kai. Ni kuwa na san mutanen da aka tafi da su kan abin da bai kai wannan ba.

"Mi kaka yi da waɗanga?" in ji jami'in.

Kafin Arzika ya yi bayani, aka sa shi ya durƙusa, hannu a kan ƙeya. Na yi ta rantsuwa cewa manomi ne, wawa ne kawai ba ɓarawo ba, aka ce in yi shiru ko in durƙusa kusa da shi. Rana ta take, wani fasinja ya fara cewa a bar motar ta wuce, ai su ba su san shi ba.

Sai Arzika ya roƙa a bar shi ya sa hannu a aljihun rigarsa. Bakin bindiga na kallon ƙirjinsa ya fito da babur ɗin, an naɗe shi a tsumma. Tayoyin silifa, tankin gwangwani, ga kwanso ɗaya an ɗaure a gefe da waya.

"Ɗiyata ni ka kai ma," ya ce. "Gonata nis same su. Can aka harba su, tana gani."

Jami'in ya karɓa, ya daɗe yana juya abin a hannunsa. Ya murza tayar da yatsa, ta juya. Ya kwashe kwanson da ke ƙasa, ya fizge na jikin babur ɗin, ya jefa wa Arzika abin wasansa, ya ce ya tashi ya ɓace masa da gani.

Muka koma mota, har muka wuce Gusau ina jin haushin Arzika. Shi kuma abin da ya dame shi wai babur ya lalace.

A Bungudu Nana ta ga abin da ke hannun ubanta, ta ja da baya ta kama zanen kakarta. Arzika ya ajiye shi a ƙasa, ya ja zaren a hankali. Ta kasa kunne, ta matso, ta duba gefen da wayar ta rage a lanƙwashe.

"Baba, wanga bai ƙara?"

Ya ce ba ya yi, ba shi da salansa.

Ta karɓi zaren. "To ba nasu ba ne," ta ce, ta ja shi zuwa tsakar gida.