Notin da Malam Dauda ya ɗaure

Cikin duk ranakun da na yi ina tuƙin motar asibiti, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da na taka birki a gefen kwalta da mara lafiya kwance a baya, mahaifinsa kuma yana zaune kusa da ni yana kallona kamar ya shaƙe ni. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yi mini dariya in kun gan ni da safe ina zagaya mota ina duba taya. Na san sunan da kuka laƙaba mini, kada ku zaci kunnena ya tsufa. Amma ku zauna ku ji wannan.

Lokacin ina ƙaramin direba a wani asibitin karkara a ƙasar Gwaram, can wajen Farin Dutse. Asibitin ƙarami ne. In ciwo ya fi ƙarfinsa, sai in-caji, wato jami'in lafiyar da ke riƙe da wurin, ya ce a wuce da mara lafiya babban asibiti a Birnin Kudu. In-cajinmu mace ce, Malama Hassana, ba ta da yawan magana, ba ta kuma maimaita umarni. Ni nawa aikin shi ne motar, wata tsohuwar bas da aka cire kujerun bayanta aka sa gado. Kullum kafin in karya kumallo nakan buɗe inji in zaro sandar baƙin mai in duba, in leƙa ruwan lagireto tun inji na sanyi, in duba man birki, in gwada fitilu. Daga nan in bi tayoyi da gejin auna iska, har da safaya, domin ita ce wadda kowa ke mantawa da ita sai ranar da ya neme ta ya tarar ta kwanta. Jak da sifana kuwa ba na ba da aronsu, ko da za a ce da ni marowaci. An kuwa sha faɗa.

Ranar tsakiyar damina ce, ana ta maimai a gonaki, an kuma kwana ana ruwa. Da hantsi aka kawo wani magidanci a kan babur, sunansa Isiyaku, kububuwa ta sare shi a ƙafa yana cikin gero. Mahaifinsa, Malam Dauda, dattijo dogo mai furfura, shi ya rungumo shi daga baya. Malama Hassana ta buɗe bakin Isiyaku ta ga dasashinsa ya fara fitar da jini. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam Haladu, ba mu da allurar dafi. Tayar da mota."

Ita ta shiga baya wurin Isiyaku, Malam Dauda ya zauna gaba kusa da ni. Daga asibitinmu zuwa kwalta hanyar burji ce, ruwa ya cinye ta. Mun ci fiye da rabinta sai na ji sitiyari ya ja ni dama. Na sauko na tarar guntun ƙarfen garma ya shige tayar gaba har ya tsaga ta. Nan take na kama aiki. Na ja birkin hannu, na tare tayoyin baya da duwatsu, na sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sannan na kafa jak. Ina juya shi yana nutsewa cikin laka maimakon ya ɗaga mota.

A gonar da ke gefen hanya ana gayya. Kafin in buɗe baki in nemi taimako, mutanen sun yar da fartanya sun zagaye mu. Kun san halin mutanenmu, ba sa tambayar ko wane ne kai. Wani ya cicciɓo falalen dutse muka sa a ƙarƙashin jak, wasu suka dafa motar don kada ta zame. Na ce da su kowa ya janye hannu da ƙafa daga ƙarƙashi, na tura tayar da ta fashe a gindin motar saboda ko jak ya kuɓuce. Na ɗora safaya, na murza notuna da yatsu, na koma wajen jak ɗin da ya fara karkacewa. A nan ne Malam Dauda, wanda tun ɗazu yake kai-kawo ya rasa inda zai sa kansa, ya ɗauki sifana ya durƙusa ya shiga ɗaurewa da dukkan ƙarfinsa. Ban hana shi ba. Uba ne da ya samu abin da zai yi wa ɗansa da hannunsa.

Ga abin da wanda ba direba ba bai sani ba. Taya in tana sama juyawa take yi, kana murza noti tana bin ka, sai ka ji kamar ya ɗauru alhali bai kai ba. Ɗaurin gaskiya sai mota ta sauka, nauyinta ya danne tayar. To, na janye tayar da ta fashe, ina sauke jak motar ta zauna cikin laka, mutanen gayya suka ɗauki kabbara suka fara turi. Malam Dauda ya jefa sifana cikin mota ya ce a gaban kowa, "Na ɗaure su da hannuna. Bismillah, mu tafi." In na tsaya a wurin za mu kafe, don haka na shiga na ja a hankali, suna turawa har muka fita.

Tsakanin nan da kwalta ba nisa, amma abin da na saƙa a zuciyata yana da yawa. A wurinmu, dattijo ya yi aiki ya ce ya gama, ka bi bayansa ka sake, ka ce masa bai iya ba ke nan. Ga shi ya zauna a kujerar gaba, babu yadda zan yi a ɓoye. Ga Isiyaku yana nishi a baya. Sai dai na san abin da ke gabanmu: kwalta, gangara, da manyan motoci. Tayar gaba in ta fice a guje, ba Isiyaku kaɗai za a kai Birnin Kudu a kwance ba.

Muna hawa kwalta na samu wuri mai tauri na tsaya.

"Lafiya?" in ji Malam Dauda.

Na ce, "Baba, zan ƙara bin notunan nan."

"Waɗanda na ɗaure? Ɗana jininsa na zuba, kai kana raina mini hannu? Malama, ki yi masa magana!"

Malama Hassana ta leƙo ta ce, "Dole ne?"

Na ce, "Dole ne, Malama."

Ta ce, "To yi sauri," ta koma kan mara lafiyarta.

Dattijon ya biyo ni ƙasa yana faɗa, har yana cewa in yaron nan ya mutu a hanya ba zai yafe mini ba. Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Na sa sifana a noti na farko na danna, ya juya sakayau. Na tsallaka na kama wanda ke fuskantarsa, domin haka ake bi don taya ta zauna daidai, shi ma ya juya. Da na kai ga na ƙasa, ban ma sa ƙarfi ba ya tafi. Sai na ji faɗan ya tsaya. Ban ɗago na dube shi ba, don na san ba zai so in ga fuskarsa ba. Na gama, muka shiga.

Safaya ba tayar gudu ba ce, tawa kuma ta kwana biyu, don haka ban taka motar yadda zuciyata ke so ba. Na yi zaton Malam Dauda zai sake yi mini tsawa. Amma har muka shiga Birnin Kudu carbi kawai yake ja.

An karɓi Isiyaku, an samu allurar, aka ɗaura masa ruwa. Ni na koma gindin wata bishiya inda na ajiye mota. Can sai ga Malam Dauda ya fito. Bai zo wurina ba, tayar nan ya nufa. Ya durƙusa yana taɓa notunan ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa. Da ya ji tsayuwata a bayansa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ashe da hannuna na so in kashe shi."

Na ce, "A'a, Baba. Ƙarfinka bai gaza ba, tayar ce tana sama. Ko ni na ɗaure ta a haka sai na sake."

Ya miƙe tsaye, sannan ya ce, "Maganar da na faɗa maka a hanya, na janye ta." Isiyaku kuwa ya warke, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan abin da ya fi ba ni tsoro ba mugun mutum ba ne. Mutanen kirki ne masu gaggawar taimako, da kunyar da muke ji ta bin bayansu. Ina son mutanenmu saboda wannan hali, ba kuma na fatan su daina. Amma ranar da kuka canja taya a ƙauye, ku gode wa kowa, ku yi wa dattijo ladabi iyakar iyawarku, sannan ku karɓi sifanar ku bi notunan da kanku. Zai ji haushinku, wataƙila ya zage ku. Ku bar shi ya isa asibiti da ransa yana zagin naku.